Ɗauka ta Uku, Mai Tarin Baba Pam

Wannan babin na daɗe ina gudunsa. Littafin rubutun nan tun mahaifiyarku tana da rai na saye shi, kuma labarin ƙuruciyata da na aurenmu ban sha wahalar rubuta su ba, amma duk lokacin da na iso shekarar da na yi aiki a Rayfield sai in rufe littafin in ce sai gobe. Goben nan ta kai shekara shida. Abin da ke riƙe ni, mutanen da ke cikin labarin duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda zai tashi ya ce ba haka aka yi ba. Ni kuma kun san halina, ina tsoron in ɗora wa mamaci abin da bai yi ba. Sai bara da Asabe ta dawo daga wani biki ta zauna kusa da ni ta ce wata tsohuwa ce ta tambaye ta ko ita ce 'yar Harunan da aka kora daga aiki saboda sata. Ranar na gane shiruna ya fara cutar da ku. To ga amsar tun daga farko, don kada ku yi ta jira: eh, na ɗauki abin da ba nawa ba, kuma a kansa aka kore ni. Abin da nake so ku sani shi ne abin da na ɗauka, da abin da ya kai ni.

Da na gama firamare, gyaran rediyo na koya a wata rumfa a kasuwar Taminus, a nan Jos. A lokacin manyan rediyoyi masu cin kaset sun fara shigowa, masu lasifika biyu, waɗanda ake ce wa sitiriyo. Sai dai babu mai sayar da kaset a kasuwar da ke jona lasifika biyun. Ɗaya ake ɗaurewa a saman sanda tana kallon hanya, ɗayar kuwa a kai gida, ko a ba ƙane ya kai tasa rumfar, ko a ajiye ta a kwali don ranar da ta farkon za ta fashe. Direbobin bas ma haka suke yi. Kuma ramin da hannu ya fara taɓawa a bayan na'urar, wato na hagu, nan ake soka waya. Ni da hannuna na yi wa mutane irin wannan jonin, ban san iyaka ba. Ku riƙe wannan a ranku, domin a nan laifina na gaskiya yake, ba a inda mutane suke tsammani ba.

Ana gab da komawa mulkin farar hula na jamhuriya ta biyu wani mutum ya kawo na'ura gyara rumfarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, Oga muke ce masa, kuma Oga zan ci gaba da ce masa. Ya tsaya yana kallona ina kwance sukurori ina jera su a kan takarda, kowanne na zana masa da'ira na rubuta inda ya fito. Ya yi dariya ya ce wa maigidana irin wannan mai tsoron yake nema. Ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo ya mai da garejin gidan mahaifinsa a Rayfield ɗakin ɗaukar waƙa, irin tsofaffin gidajen nan na Turawan kuza masu dogayen itatuwa. Ya lulluɓe bangon da katifu da kwalayen ƙwai. Mutum ne mai gaskiya, bai taɓa zagina ba sai ranar ƙarshe, kuma abin da na sani na sauti a wurinsa na koya.

Na'urarsa mai layi huɗu ce. Zarenta mai faɗi ne, a naɗe a kan faifai kamar murfin tukunya, ril muke ce masa. A kan zaren nan ɗaya ana iya ɗaukar abu huɗu, kowanne a layinsa, murya daban, kiɗa daban, har ma a ɗauki wani yau a ɗora wani gobe. Idan an gama sai a haɗa su a kan teburin haɗa sauti. A teburin kowane layi yana da ɗan abin murɗawa. Ka murɗa shi hagu, sautin ya koma lasifikar hagu. Ka murɗa dama, ya koma ta dama. Ka bar shi a tsaye, ya fito daga duka biyun, ka ji kamar mutumin yana tsakiyar ɗaki. Aikina shi ne in ɗaura ril, in goge kawunan na'ura da auduga, in lura da alluran awon sauti kada su shiga ja, in kuma rubuta kowace ɗauka a bayan kwalin ril. Waƙa ɗaya akan ɗauke ta sau uku, sau biyar, sannan Oga ya zaɓa. Ril kuwa ba shi da yawa, daga Legas ake kawo shi, don haka in an gama aiki gogewa ake yi a sake amfani da shi.

Da damina ta yi nisa aka kawo mana mutum biyu. Malam Buba, Bafillacen da ya bar kiwo ya zauna a gari, yana kaɗa molo. Baba Pam, ɗan ƙasar nan, Kirista, yana buga kundung, katakan nan da ake jerawa a kan ƙahonni. Tun suna samari suka haɗu suna leburanci a ramin kuza, kuma sun fi shekara ashirin suna waƙa tare a suna da biki, na Musulmi da na Kirista. Waƙarsu tambaya ce da amsa. Buba ya kira sunan Pam ya tambaye shi, Pam ya amsa, yawanci da baƙar magana. Zamansu kuwa iri ɗaya ne kullum, a ƙasa, gwiwa na taɓa gwiwa. Da na jera musu kujeru nesa da juna kamar yadda Oga ya ce, Baba Pam ya dubi kujerun ya dube ni.

"Ɗana, kotu ka kawo mu?"

"Bar shi, tsoho," in ji Malam Buba. "Ya ji warin burkutu ne, yana so ya tsirar da ni."

"Ni da na jure warin man shanu shekara ashirin? Kuma wa ne tsoho? Da shekara guda ka girme ni, uwarka da bakinta ya faɗa."

Oga ya yi dariya ya ce a bar su a ƙasa. Na shimfiɗa tabarma, na sauko da makirufo huɗu kusa da su.

Ɗauka ta farko tsirkiyar molo ta tsinke. Ta biyu tana tafiya lafiya aka tsuge da ruwa da ƙanƙara, rufin kwano ya ɗauki ƙara kamar ana zuba tsakuwa, muka zauna muka sha shayi har ya ɗauke. Sai ta uku. Ban san yadda zan kwatanta muku ta ba. Sanyi ya sauka bayan ruwan, ɗakin ya yi tsit, su kuma kamar sun manta da mu. Waƙar kan zamaninsu na ramin kuza ce. Buba ya tambaya wa ya riƙe wa Pam kwanon ɗibar ƙasa ranar da ƙafarsa ta zame, Pam ya ce wani Bafillace ne mai tsoron ruwa. A baiti na huɗu, inda ake maganar ranar da gefen rami ya rufta da abokansu, Buba ya yi tambayarsa, Pam ya buɗe baki zai amsa, sai tari ya sarƙe shi, irin tarin tsofaffin leburorin kuza, mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Na kai hannu zan tsai da na'ura, amma Buba bai tsaya ba. Ya ci gaba da juya molon a hankali, zagaye ɗaya, biyu, uku, sannan ya ce ƙasa-ƙasa:

"Ina jiranka, tsoho."

Pam ya share baki ya shigo daidai kan kiɗa, suka kai waƙar ƙarshe. A bayan kwalin na rubuta: Ta uku. Tari. Mai kyau. Oga ya karɓi biron ya soke kalmomi biyun ƙarshe. Ya ce ba tarin kaɗai ba ne, zaman da suka yi kusa ya sa kowane layi ya kwashi komai, muryar Pam tana cikin layin molo, kundung yana cikin layin Buba, ba za a iya raba su ba. Ya yi musu dogon bayani, aka yi ta huɗu, ta fito a sandare kamar karatun yara. Daga nan ya yanke shawara. Buba ya zo shi kaɗai ranar Talata, ya yi tambayoyinsa ya bar gurbin amsa. Pam ya zo Laraba, a sa masa abin ji a kunne, ya cike guraben.

"In tambayi wa ke nan?" in ji Malam Buba. "Katifa?"

Amma sun yarda, saboda Oga mai ilimi ne kuma suna jin nauyinsa. A sabon ril aka yi ta biyar. Ta fito tsaf, babu tari, babu kuskure.

Ranar haɗawa Oga ya ajiye kujerarsa daidai tsakiyar lasifiku biyu, ni ina kan tebur. Ya ce Buba da molonsa hagu, Pam da kundung dama. Na murɗa kaɗan. Ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce in kai su ƙarshe. Ya lumshe ido yana murmushi, kuma gaskiya sai na faɗa, a kan kujerar nan abin yana da daɗi, kamar mutum biyu suna zaune a gefe da gefenka suna hira ta kanka. Amma ni sandar Taminus nake gani, da lasifika ɗaya a samanta.

"Oga, a kasuwa fa..."

"A kasuwa me?"

Ya buɗe ido ya dube ni, ba da faɗa ba, jira yake yi in yi magana. Na tuna shi ya ƙetare teku ya yi karatu, ni aji bakwai na gama. Na tuna mahaifiyarku tana da ciki.

"Babu komai, Oga."

Hannuna yana kan abin murɗawar Pam. Da na dawo da shi ko da faɗin farce ne, da inuwar muryarsa ta rage a hagu, kuma ina jin Oga ba zai lura ba. Na yi tunanin haka. Ban yi ba. Na kai shi ƙarshe har ya tsaya.

Bayan mako biyu kaset ya shiga kasuwa. Masu ƙananan rediyoyin hannu sun ji su duka biyun, domin irin waɗannan haɗe hagu da dama suke yi. Amma gari ba a ƙaramar rediyo yake fara jin sabuwar waƙa ba, a bakin rumfa yake ji, da cikin bas. Na sauka a Taminus wata Alhamis da rana, tun daga nesa na jiyo molo. Muryar Malam Buba ta cika layin, tana kiran Pam, tana tambayarsa wa ya riƙe masa kwano. Sai molo shi kaɗai. Ya sake kira, babu mai amsawa. Daga farkon waƙa har ƙarshenta mutum ɗaya yana kiran abokinsa. 'Yan dako suna amsa masa da shaƙiyanci. Wani mai sayar da takalma ya ce ko Pam ya mutu ne ba a sanar ba, wani ya ce ina, Bafillace ya ga suna zai fito shi ne ya ture abokinsa, ai an gan shi ya tafi Rayfield shi kaɗai ranar Talata. Kafin Juma'a maganar ta zama gaskiyar gari. Na bi rumfuna ina roƙon su jona lasifika ta biyun, wani ya ce tasa tana Bukuru wurin ƙaninsa, wani ya ce in tafi in ba shi wuri.

Na je gidan Baba Pam a bayan Rayfield, wani gida mai shingen kyarana. Matarsa, Ngo Kaneng, ta tare ni a ƙofa ta ce in Buba ne ya aiko ni in koma, sau biyu ya zo ta mai da shi. Na ce ni na aiko kaina. Na zauna na yi wa Baba Pam bayanin hagu da dama, har da zane a ƙasa. Na ce masa zan iya haɗe wayoyin biyu in sake kwafo waƙar, kowa ya ji shi. Ya saurare ni har na gama.

"Ɗana, na ji. Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ko ka haɗa, za su ce kunya ce ya sa aka liƙa ni daga baya. Kuma ai gaskiya ne, daga baya aka liƙa ni. Ni da akwati na yi waƙan nan, ba da Buba ba. Shi da ya zo ranan Talata, me ya hana shi ya ce ba zai yi ba sai da ni? Jikokina sun je kasuwa an yi musu dariya."

Na yi masa sallama na tafi. Washegari na faɗa wa Oga komai, har da cewa na sani tun ranar haɗawa. Na roƙe shi a fitar da ta uku. Ya ce shi ya yi aikinsa daidai yadda ake yi a duniya, in 'yan kasuwa ba su iya jona na'ura ba su je su koya, kuma sunan ɗakinsa ba zai fita a kan kaset mai tari ba. Sannan ya ce ril ɗin farko, mai ɗauka ta ɗaya zuwa ta huɗu, in goge shi kafin Litinin, mawaƙan wata coci za su zo. Ranar Asabar shi zai tafi ɗaurin aure, mabuɗi yana hannuna.

A lokacin muna haya a Rikkos, ɗaki biyu, ni da mahaifiyarku Hajara da mahaifiyata, kakarku Inna. Bayan la'asar suna tsakar gida, Inna tana tsince acca, na zauna na faɗa musu abin da ke raina.

"Kayan mutum kayan mutum ne," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Ya ce ka goge, ka goge. Tsofaffi biyu da gemunsu su shirya kansu. Yarinyar nan wata bakwai gare ta, Haruna."

Hajara tana da kunyar Inna, ba ta cika sa baki ba. Ranar ta sa.

"Inna, ki gafarce ni. Kwana biyar ke nan yana juya tuwo a kwano yana mayarwa. Mutumin da ke komawa sau uku ya duba kwaɗon ƙofa, in ya goge abin nan, har ya tsufa yana komawa dubawa. Ni dai ba na so ya tarbi ɗan nan da wannan fuskar."

"Fuska za ku ci?"

"Yana da hannu, Inna. Da gyaran rediyo na aure shi."

Inna ta ce mu biyun ba mu da hankali, ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuskure ba a abin da ta hango, kuma ba ta taɓa goranta mini ba daga baya.

Asabar da hantsi na buɗe ɗakin. Na ɗaura ril ɗin, na nemo ta uku, na tsai da abin murɗawa huɗun nan a tsakiya. Na duba su, na sake dubawa. Don in tabbata, na zare wayar lasifikar dama na saurara, suna nan su biyu. Na mayar na zare ta hagu, suna nan. Na kwafo waƙar a kan kaset goma sha biyu da na zo da su daga gida. Saura gogewa. Na kai yatsana kan maɓallin na tsaya. Na yi ta tunanin kaset zare ne siriri, rediyo na iya cinye shi, rana na iya narkar da shi, in duk suka lalace shi ke nan. Na sauke ril ɗin, na sa shi a kwalinsa, na naɗe a rigar sanyina, na fita da shi. Wannan ita ce satar. Ba wanda ya ba ni, kuma na san ba nawa ba ne.

Ranar na raba kaset goma a rumfunan Taminus kyauta. Lahadi bayan an taso daga coci na kai wa Baba Pam ɗaya, da ƙaramar rediyo. Ngo Kaneng ta tsaya a bakin madafa da hannu a ƙugu. Da aka iso baiti na huɗu tarin ya cika tsakar gidan, molo yana ta zagayawa, sai muryar Buba. Baba Pam ya ɗaga hannu.

"Mai da shi baya."

Na mayar. Ya sa kunne dab da rediyon. Sau uku yana sa ni mayarwa.

"Ni ban ji wannan ba ranan nan," in ji shi. "Tari ya toshe mini kunne. Ashe magana ya yi."

"Ya daɗe kuwa yana jira," in ji Ngo Kaneng daga inda take. Ta shiga ta kawo mini kunu.

Bai ce zai je wurin Buba ba, ni kuma ban tambaye shi ba.

Litinin na riga kowa zuwa. Na yi niyyar in faɗa wa Oga mu biyu, amma tare da mawaƙan cocin ya shigo, mata da maza cike da ɗaki, kuma ya riga ya biyo ta Taminus ya ji tarin a saman sanda. Ya tambaye ni ina ril. Na ce yana gidana. A gabansu ya kira ni ɓarawo, ya karɓi mabuɗinsa. Ina jin tsohuwar da ta tare Asabe tana cikin matan nan, kuma abin da ta ji da kunnenta ta faɗa, kada ku riƙe ta. Talata na mai da ril ɗin, na ba ƙanwar Oga a bakin ƙofa domin ya ƙi fitowa. Ko ya goge shi, ko ya ajiye, ban sani ba har yau. Bayan wasu shekaru ya rufe ɗakin ya bar Jos. Na rubuta masa takardar neman gafara sau biyu, ban sami amsa ba, wataƙila ba su isa ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, domin a cikinsa kuka tashi. Babu wanda ya sake ɗaukata aikin sauti, labari ya riga ni ko'ina. Na kafa tebur a ƙofar gida a Rikkos ina gyaran rediyo, daga baya na sami rumfa a kasuwa. Watannin farko sun yi tsanani, Hajara ta koma suyar ƙosai da tsohon ciki. Ina son aikin nan na Rayfield, ban taɓa faɗa muku ba. Har yau in na ji waƙa, kunnena yana neman inda aka ajiye kowa.

Kaset mai tarin kuwa ya bi gari. 'Yan kasuwa suka yi ta kwafa, har kwandastocin bas suka ɗauki maganar, in fasinja yana jan ƙafa sai ka ji an ce ana jiransa, tsoho. Kusan wata guda da korata, ina kan teburina da hantsi, na ɗago na ga mutum biyu suna tahowa suna gardama a kan wanda zai riƙe wata tsohuwar rediyo. Suka dire ta a gabana.

"Ta lalace," in ji Malam Buba. "Gefe ɗaya take magana."

"Ƙarya ne, lasifika ɗaya gare shi tun da aka haife shi," in ji Baba Pam. "Wannan Bafillace kunya yake ji ya zo hannu biyu."

Na buɗe rediyon na duba ta ciki da waje, lafiyarta ƙalau. Na rufe, na sake buɗewa don in tabbata, suna ta yi mini dariya. Su ne suka yi waƙa ranar sunan Asabe, a kan tabarma a tsakar gidanmu, gwiwa na taɓa gwiwa, Inna tana leƙowa ta taga tana cewa a rage ƙara. Ba su sake shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba har suka rasu, Pam da fari, Buba bayansa da damina biyu.

Kaset na goma sha biyu shi ne nawa. Saboda tsoron yara su taɓa shi a gida, na kai shi rumfata na kulle a akwatin ƙarfe, kuma a can gobarar babbar kasuwa ta same shi. Na Baba Pam jikokinsa sun ce rediyo ta cinye shi tun tuni. Su da jikokin Malam Buba sun zo wurina ba sau ɗaya ba suna son su ji muryar kakanninsu, abin da ake samu kuwa sai ta biyar, wadda ba su yi tare ba.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, musamman tsofaffin direbobi da 'ya'yan masu sayar da kaset na Taminus, ku duba kwalayen da iyayenku suka bari. Kaset ɗin ba shi da hoto, rubutun hannu ne da shuɗin biro, ko da yake kwafin kwafi ba lallai ya zo da rubutu ba. Alamarsa tana baiti na huɗu: za ku ji tari mai tsawo, molo bai tsaya ba, sannan wani ya yi magana ƙasa-ƙasa. Wanda kuma ya san inda iyalan mai ɗakin nan na Rayfield suke, ya gaya musu ina tambayar wani ril mai kwali ruwan toka, an rubuta mai kyau a bayansa an soke, kuma ina neman su yafe mini a madadin mahaifinsu. Ku sanar da Asabe ko ƙannenta a Rikkos. In an samu kaset ɗin, don Allah kada kowa ya sa shi a rediyo, zaren ya tsufa. A kawo mini in duba shi tukuna.